Bokan Belleville da Ɗan Farin Zouera

Ƙofar gilas ce, kana ganin ciki amma ba ta buɗuwa sai an danna mata wani abu daga can. Zouera ta tsaya a gabanta da kwanon dambu ɗaure cikin ɗankwali don kada ya huce. Wata ma'aikaciyar asibitin ta leƙo, ta yi murmushin nan nasu na leɓe kawai, ta yi wa Zakiyya magana da Faransanci.

"Mi ta ce?" in ji Zouera.

"Ta ce yau ma ba dama, Inna. Ni kaɗai zan shiga."

"Ke kaɗai. Ke kika haihe shi?"

Zakiyya ta miƙa hannu ga kwanon. Surukar Zouera ce, matar ɗanta, 'yar Maraɗi mai haƙuri, kuma ita ce bakin tsohuwar da kunnenta tun ranar da ta sauka Lyon. Ta karɓi kwanon ta shige, ƙofar ta koma ta rufe kanta. Zouera ta zauna a kujerar roba. Daga Damagaram ta taso, ta bar awakinta a hannun maƙwabta, ta hau jirgin da ba ta taɓa mafarkin hawa ba, don a zaunar da ita a waje kamar mai tallan goro.

Wanda ke kwance a ciki sunansa Hassoumi, sai dai bakin Zouera bai taɓa furta sunan ba. Ɗan farinta ne. A gidan da ta tashi mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon tsabar idonsa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Haka uwarta ta yi da yayanta, haka ita ma ta yi, kuma da ta yi akasin haka ne garin zai ce ba ta da kunya. Amma kullum ta dama fura, mai kaurin da ke kwanciya a ƙasan ƙwarya ita take aika masa ta hannun ƙanwarsa. Ranar da ya ci jarrabawar bak ta gama sakandare mata suka cika gidan da guɗa, ita kuwa ta shige ɗaki ta yi raka'a biyu, ta fito ta ci gaba da dakanta. Da ya tafi Faransa karatu a 2004, in ya buga tarho sai ta ce, "Kuna lahiya? Ya sanyi? Ya mutanen gidan?" kamar da taro take magana. Shi ma ya amsa a haka. Ba wanda ya ga wani abu a ciki.

Ya gama karatu, ya samu aikin ordinater, wato kwamfuta, a wani kamfani a Paris. Gida kuwa a Rillieux-la-Pape yake, gefen Lyon, can saman wani dogon bene, domin Zakiyya a Lyon take aiki kuma hayar Paris ba ta ɗaukuwa. Litinin ya hau jirgin ƙasa, Juma'a ya dawo kamar an matse tsumma. Shekara da shekaru a haka. Sai barci ya ƙaurace masa. Ya fara magana da sauri, ya fara zargin abokan aiki suna leƙa masa na'ura. Likita ya duba shi ya rubuta masa ƙwayoyi, ya sha, ya ɗan lafa.

A nan ne wani abokin aikinsa, Allah ya saka masa da abin da ya shuka, ya kai shi unguwar Belleville a Paris wurin wani Nasara mai suna Adam. Adam ba likita ba ne. Ya taɓa zama ƙasar Sin na wani ɗan lokaci, ya dawo ya kama ɗaki yana koya wa ma'aikatan ofis numfashi da tsayuwa. Karatunsa guda ne: a jikin kowane mutum akwai abu biyu, yin da yang. Yang shi ne wuta, gudu, aiki, rana. Yin shi ne ruwa, hutu, inuwa, cinyar uwa. In ɗaya ya rinjayi ɗaya hankali ya karkace. Hassoumi ya riƙa dawowa gida yana zuba wa Zakiyya wannan karatu a kan abinci. Da fari ta ji daɗi ma, don ya rage shan kafe, yana fita yawo da safe.

Sai ranar da Adam ya zaunar da shi ya ce ya ba shi labarin uwarsa. Tana rungume shi? A'a. Da wane suna take kiransa in tana lallashi? Hassoumi ya ce ba ta taɓa kiran sunansa ba. Adam ya rufe ido ya daɗe, ya ce to ga rijiyar da ta ƙafe. Wai an hana shi yin ɗin nan tun yana jariri, shi ya sa wutarsa ke ci ba mai kashe ta. Wai ƙwayoyin asibiti murfi ne kawai a kan tukunya mai tafasa. Wai sai ya yanke igiyar da ke ɗaure shi da uwar nan mai busasshiyar zuciya kafin ya haƙa tasa rijiyar.

Hassoumi ya daina buga tarho Damagaram. Zakiyya ta tsinci kwalayen magani a jakarsa ko ɓarewa ba a yi ba. Wata Asabar da rana tsaka 'yan sanda suka tsinto shi a unguwar La Guillotière cikin Lyon, ba takalmi, yana tafiya a tsakiyar hanyar jirgin taram da hannuwa a buɗe, direba na ta buga ƙararrawa. Aka kwantar da shi a asibitin masu taɓin hankali, shi ne Zakiyya ta kira gida tana kuka.

Sau ɗaya aka bar Zouera ta shiga, washegarin zuwanta. Ta yi abin da kowace uwa mai mutunci za ta yi. Ta zauna kusa da ƙofa, ta ba shi gefenta, ta zuba ido a ƙasa, ta ce wa Zakiyya, "Mijinki ya samu barci?" Likitar, wata doguwar mace mai gilashi, tana tsaye tana kallo. Hassoumi ya miƙe yana nuna uwarsa da yatsa yana ihu da Faransanci, wai kun gani, kun gani da idonku. Ya soma buga kansa da bango, aka rirriƙe shi. Tun ranar likitar ta ce zuwan uwar yana tayar masa da ciwo, a dakata.

Da Zakiyya ta fito da kwanon, dambun yana nan ba a taɓa ba.

"Gobe ki kai ni wurin bokan nan," in ji Zouera.

"Inna, Paris fa. Kuma ba boka ba ne."

"Yana ba da magani ba shi da takardar likita, yana raba ɗa da uwa. A garinku mi kuke ce ma wannan? Liman?"

Ba goben ba, sai Asabar suka tafi. Jirgin yana gudu har gonaki na narkewa a taga, Zouera ba ta kalla ba, tana ta jera maganar da za ta faɗa. A Paris suka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, suka fito a Belleville, suka hau wani titi mai tudu, ga agwagi gasassu rataye a gilas, ga Larabawa na sayar da dabino, ga 'yan Afirka na tallar masara. Ɗakin Adam yana saman wani gidan abinci, matakalar na warin tsohon mai.

Suka tarar da mutane kamar goma sha, maza da mata, ba takalmi, kowa ya ɗan durƙusa ya zagaya hannuwa a gabansa kamar ya rungumi randar da ba a gani. A bango an zana wata da'ira, rabi baƙi rabi fari.

"Wannan ne abin?" Zouera ta tambaya, ba ta ko rage murya ba. "'Ya'yan kwaɗi biyu sun ciji wutsiyar juna? A kan wannan aka haukata mani yaro?"

"Inna, don Allah a hankali."

Adam ya taho. Siriri ne, furfura ta fara masa, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai gaisuwar mutuwa. Da Zakiyya ta gaya masa ko su wane ne, ya dafa ƙirji ya ce ransa ya ɓaci da jin labarin, ya sa aka kawo kujeru da shayi. Zouera ta ƙi zama.

"Gaya mashi," ta ce. "Zahi da sanyi ba shi ya ƙago su ba. Mu ma mun sani. In zahi ya yi ma mutum yawa a jiƙa mashi tsamiya, in sanyi ya kama shi a ba shi citta da kanwa. Amma tunda uwata ta haihe ni ban taɓa jin an ce uwar mutum ita ce cutarshi ba. Tambaye shi, ya san ni? Ya taɓa cin tuwona? Ya san ko nawa na sayar na akuya kahin yaron nan ya hau jirgi? Wa ya ba shi izinin auna zuciyata daga nan?"

Zakiyya ta juya maganar. Zouera ta lura abin da ta faɗa mai tsawo ya koma gajere a bakin yarinyar, kuma ba ƙaya a jikinsa.

Adam ya saurara yana gyaɗa kai. Ya ce shi bai taɓa ce wa kowa ya bar magani ba, yana dai cewa kowa ya saurari jikinsa. Ya ce shi ba ya zargin kowa, iyaye ma an yi musu rauni suna yara. Ya ce yana ganin wuta mai yawa a jikin Madam, in tana so ta zauna ya nuna mata numfashin da zai sauke ta.

"Ni zai sauke? Ce mashi ya tashi mu tahi Lyon yanzu, ya tsaya gaban yaron nan da likitar ya ce ƙarya ya yi. Abin da ya kawo ni ke nan. Ba shayi ba."

Zakiyya ta faɗa. Adam ya dubi tsohuwar da tausayi, irin tausayin da ya fi mari ciwo, ya yi tambaya guda.

Zakiyya ta sunkuyar da kai.

"Mi ya ce?"

"Ya ce... wai tun da kika shigo kina cewa yaron nan, yaron nan. Wai mene ne sunan ɗanki? Ki faɗa ya ji."

Masu rungumar randa duk sun saki hannuwansu, sun zuba ido. Zouera ta buɗe baki. A gaban wannan ƙaton baƙo, a gaban matan da suka fito da cinyoyi waje, a gaban surukarta? Harshenta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa.

Adam ya buɗe tafukansa, ya juya ga almajiransa a hankali. Wata mata a cikinsu har da share hawaye.

Zouera ta kai hannu ta ture tiren shayin, kofuna suka tarwatse a kan katako. "Allah ya isa tsakanina da kai," ta ce. "Allah ya isa! Juya mashi wannan, kada ki rage ko ɗaya."

Zakiyya ta ce wa Adam tsohuwar ta gaji da tafiya, ta ja hannunta suka sauka.

Suka hau jirgin komawa, har suka yi nisa. Sai Zakiyya ta ce, idonta a kan taga, "Inna, in faɗi wata magana, kada ki yi fushi."

"Hushi ya riga ya yi. Hwaɗi."

"Ba Adam ne ya fara sa masa abin a rai ba. Tun kafin nan. Akwai ranar da muka wuce ta bakin lakwal, makarantar nan ta Rillieux, ana tashin yara, wata mata ta durƙusa tana sumbatar ɗanta tana kiran sunansa. Ya tsaya yana kallo har na ja shi. Da muka koma gida ya ce mini shi bai san yadda sunansa yake a muryarki ba."

"Shi ɗan Nasara ne? Bai san gidan da ya hito ba?"

"Ya sani, Inna. Amma ya daɗe a nan. Mutum in yana shi kaɗai a ɗaki a Paris, abin da ya sani da abin da yake ji ba su zama ɗaya."

"Ke ma kin shiga makarantar bokan ke nan."

"Ban shiga ba. Jiya likitar ta ce za ta ba ki dama guda. Amma sai kin zauna a gabansa, kin dube shi, kin kama hannunsa, kin kira shi da sunansa. In ba haka ba, ta ce har ki koma gida ba za ki gan shi ba."

Zouera ta ja mayafi ta rufe fuska. Wato abin da uwarta ba ta yi ba, kakarta ba ta yi ba, shi za ta yi a gaban wata mai gilashi tana rubutawa. Su suka ɗauke mata yaro lafiyayye, suka tatse shi a jirgi Litinin da Juma'a har ya ƙare, suka miƙa shi ga mai zanen kwaɗi, yanzu kuma ita ce za a gyara. Ta kwana biyu tana juya maganar. A banɗakin gidan ta gwada, ta buɗe famfo don kada a ji, sunan ya zo maƙogwaro ya koma. Ranar Talata da safe ta ɗaura zanenta mai kyau ta ce, "Mu tahi."

Wannan karon ƙofar gilas ta buɗe mata. Aka kai su wani ɗaki mai kujeru huɗu da tagar da ba ta buɗuwa. Likitar ta zauna a gefe. Aka shigo da shi, yana jan ƙafa cikin silifas, magani ya sa shi sanyi. Ya zauna a gabanta, gwiwa kusa da gwiwa.

Zouera ta ɗaga ido. Rabonta da ta kalli fuskar nan sosai tun yana kan cinya, a ɗaki, in ba kowa. Ashe akwai furfura a gemunsa. Ashe hancin ubanta ne da shi. Ga tabon bango a goshinsa bai gama warkewa ba. Ta miƙa hannu ta ɗora a kan nasa.

"Hassoumi," ta ce.

Sunan ya fito a shaƙe, kamar ba muryarta ba. Likitar ta gyaɗa kai tana murmushi. Zakiyya ta toshe baki.

Shi kuwa ya ƙura mata ido. Jikinsa ya sandare.

"Inna," ya ce da Hausa, a hankali, "wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu."

"To ni ne." Ya janye hannunsa. "Sau ɗaya na taɓa jin uwa ta kira ɗan farinta a unguwarmu. Ranar da aka tsamo Salmanu daga tafki. Uwarshi ta faɗi a kan gawar tana kiran sunanshi, mata na rufe mata baki. Sun gaya maki ba ni warkewa, ko? Shi ya sa aka kawo ki ki yi bankwana."

"Wallahi ba su ce ba. Za ka warke, da yardar Allah."

"To don mi? Shekara talatin da wani abu ba ki kira ba. Don mi yau?"

Zakiyya tana yi mata alama da ido, ta ce saboda so, ta ce saboda kewa, ta ce ko mene ne mai taushi. Amma Zouera ba ta iya irin wannan magana ba, kuma ba ta taɓa yi wa ɗan nan ƙarya ba, ko ta hannun ɗan aike.

"Su suka ce in ban kira ba, ba ni ganinka."

Sai ya yi wata 'yar dariya, ba ƙarfi a cikinta.

"Ashe ma ba ke kika so ba."

"Da ban so ba mi ya kawo ni ƙasar ga? Kai, dube ni! Na dube ka, kai ma dube ni!"

Amma ya riga ya kau da kai. Ya yi wa likitar magana da Faransanci, a natse, ba ihu, ba buga kai, kamar mai ba da saƙo a ofis. Murmushin likitar ya ɗauke. Ya miƙe, ya ja silifas ɗinsa, ma'aikaci ya bi bayansa.

"Mi ya ce?"

"Ya gaji ne, Inna."

"Zakiyya, ki ji tsoron Allah. Mi ya ce?"

Yarinyar ta fashe da kuka. "Ya ce kada a sake kawo ki."

Likitar ta taso tana magana mai yawa, tana cewa Madam ta yi ƙoƙari, irin wannan abu yana ɗaukar lokaci, a bar shi ya huta tukuna. Ta miƙo hannu. Zouera ta dubi hannun ta wuce.

A tashar bas da ke gaban asibitin iska na kaɗawa, ta zauna a kan bencin ƙarfe. Bakinta ɗaci, kamar ta tauna maɗaci. Ta ba da abin da ba a maidowa, kuma ta fito hannu wofi.

"Ina alƙalin garin ga yake zama?"

"Inna, wa za ki kai ƙara?"

"Bokan. Da mai gilashin. Da wanda ya kai shi. Da kamfanin da ya hana shi barci. Duka."

"Ba su karɓar irin wannan ƙara. Za su ce ba wanda ya karya doka."

"To su hwaɗa mani da bakinsu, in ji. Ki kira masu jirgi ki ce ba ni komawa ranar da suka rubuta. In takardata ta ƙare su zo su ɗauke ni da hannu."

Bas ɗin Rillieux ya zo ya buɗe ƙofa. Zakiyya ta miƙe, tsohuwar ba ta motsa ba. Ta juya tana kallon ginin asibitin, bene a kan bene.

"Wace taga ce tashi?"

"Ban sani ba, Inna. Daga waje duk iri ɗaya ne."

Direba ya ɗan jira, ya rufe ƙofarsa ya tafi. Zouera ta gyara zama, ta fara daga tagar ƙasa ta hannun dama, tana bin su ɗaya bayan ɗaya.